Tsagin faifai da nauyin bes: abin da ya ɗaure masoyan drum and bass da garmaho

Ɗauki faifan garmaho na kiɗan rawar da ake kira drum and bass, mai faɗin inci 12, ka karkata shi ga haske, za ka karanta kiɗan tun allura ba ta sauka ba. Daga bakin faifan tsagin yana da duhu da santsi, layukan sun matsu da juna. Nan ce shimfiɗa, inda ganga ke tafiya ita kaɗai ko da wani siririn amo a bayanta. Gaba kaɗan launin ya sauya, tsagin ya buɗe yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa yashi, wato bes ya faɗo. Wajen tsakiya akwai wani zobe mai duhu, inda kiɗan ke numfasawa kafin ya sake faɗowa. A gudun juyi 45 a minti, faifai yana kammala zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 1.33, ita kuma gaɓa ɗaya ta kiɗan, mai bugu huɗu, tana cin daƙiƙa 1.38 idan ana tafiya a bugu 174 a minti. Kusancin waɗannan lambobi biyu ya sa kowane bugu yake faɗawa kusa da ɗan'uwansa na zagayen baya, sai wani zane mai lanƙwasa ya fito a fuskar faifan. Gogaggen DJ da ido yake auna sauran lokacin da ya rage masa.

An haifi wannan kiɗa a Ingila a farkon shekarun 1990, musamman a Landan da Biristol, kuma da sunan jungle aka fara saninsa. Da yawa daga cikin matasan da suka ƙirƙire shi 'ya'yan mutanen Jamaika ne da sauran tsibiran Karibiyan, waɗanda suka tashi a gaban jibga-jibgan lasifikokin reggae da dub. Ginin kiɗan hawa biyu ne. A sama ganga na gudu tsakanin bugu 160 zuwa 180 a minti. A ƙasa bes, wato amon nan mai kauri da ƙirji ke ji kafin kunne, yana tafiya a natse, sau da yawa kamar a rabin wancan gudun. Abin da ya kamata a gane shi ne, faifai ne ya rene wannan kiɗa. Tsawon waƙa, yadda take buɗewa, inda bes yake zama, har da yadda sabuwar waƙa ke isa kunnen jama'a, duk iyakokin faifan ne suka tsara su. Mai son faifan drum and bass wannan tarbiyyar yake so, ko ya iya faɗinta da baki ko bai iya ba.

Hatta kayan ginin daga faifai aka ciro su. A 1969 ƙungiyar The Winstons ta Amurka ta saki “Amen, Brother” a bayan wani ƙaramin faifai. A cikinsa makaɗin gangarsu, Gregory Coleman, ya kaɗa gaɓa huɗu shi kaɗai, kimanin daƙiƙa 7. Wannan guntun ne aka kwafa cikin na'urori irin su Akai S950, aka yayyanka shi bugu-bugu, aka sake jera shi da kwamfutar Atari ST, aka ƙara masa gudu, har ya zama ƙashin bayan dubban waƙoƙi. Coleman ya rasu a 2006 bai ci ko sisi daga wannan ba, kuma duk mai ƙaunar kiɗan ya kamata ya riƙe sunansa. Gudun kansa ma yana da alaƙa da garmaho. A daren Rage da aka riƙa yi a gidan rawa na Heaven a Landan, DJ biyu, Fabio da Grooverider, sun shahara da ƙara wa fayafai gudu fiye da yadda aka buga su. Lissafin a bayyane yake: faifan da aka yanka don juyi 33 da sulusi, in ka sa shi a 45, ka ƙara masa kashi 35 cikin 100. Kiɗa mai bugu 130 ya koma 175 ke nan.

Yanzu ga inda wahalar take. Bes shi ne babban abokin gabar tsagi. Sauti a faifai karkarwa ce da aka sassaƙa a bangon tsagin, kuma gwargwadon kaurin amo, gwargwadon faɗin lilon da allura za ta yi hagu da dama. Bes ɗin wannan kiɗa yakan zauna tsakanin girgiza 40 zuwa 60 a daƙiƙa. Da za a yanka shi yadda yake, tsagi ɗaya zai faɗa cikin maƙwabcinsa. Shi ya sa tun 1954 ake bin ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka: lokacin yanka ana danne ƙasan sauti da kusan desibel 20 (ma'aunin ƙarfin sauti) a can ƙurya, a ɗaga samansa da kusan haka, sannan wata 'yar na'ura a cikin miksa ko amfilifaya ta mayar da komai mazauninsa lokacin saurare. Wanda ya jona garmaho a ramin da aka tanada don CD zai ji sauti ƙasa-ƙasa, siriri, babu bes ko kaɗan, domin ya tsallake wannan gyaran. Ramin da aka rubuta wa PHONO shi ne nasa.

Ko da wannan dabarar, sai an yi wa bes wani horon. A faifan sitiriyo, bango ɗaya na tsagin na lasifikar hagu ne, ɗayan na dama. Abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai yana kaɗa allura gefe da gefe. Abin da suka saɓa a kai yana tura ta sama da ƙasa. Idan bes mai ƙarfi ya saɓa tsakanin hagu da dama, tsagin zai yi zurfi nan, ya yi ɗan shafal can, har ya kusa ɓacewa, allura kuwa ta yi tsalle ta fice. Don haka injiniyan yanka yake haɗe duk abin da ke ƙasa da wajen girgiza 150, wani lokaci har 300, ya zama murya ɗaya a tsakiya. Irin bes ɗin da ake kira Reese, wanda ya samo suna daga laƙabin mai kiɗa Kevin Saunderson na Ditiroyit, shi ya fi ba da ciwon kai a nan. Ana samar da shi ne da amo biyu da aka ɗan karkatar da juna don su riƙa gurnani, kuma in mai kiɗa ya baza su hagu da dama, haɗewar za ta cinye wani sashe nasu, faifan ya fito da bes mai rami. Masu kiɗa na wancan zamani sun koyi darasin tun da wuri: ƙasan bes a tsakiya, a dunƙule, ado da baza sauti kuma a bar wa sama. Wannan dunƙulewar ce ke dukan ƙirji a gidan rawa.

Saman sauti ma yana da nasa rigimar. Farantan ƙarfen da mai ganga ke bugawa a cikin guntun Amen, da aka ƙara musu gudu, suna fitar da “tsss” mai kaifi wanda ke zafafa kan injin yanka, kuma allurar saurare takan kasa bin sawunsa, sai a ji sautin yana yagewa. Abin yana tsananta yayin da allura ke kusantar tsakiya. A juyi 33, tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kimanin santimita 51 a daƙiƙa a bakin faifai, amma kusa da takardar tsakiya ya ragu zuwa wajen 21. Sauti iri ɗaya ne za a cusa a ƙasa da rabin fili. A juyi 45 lambobin sun koma wajen 69 da 28. Wannan ne ya sa faifan da ake so ya yi ƙara da tsafta ake yanka shi a 45, waƙa ɗaya a kowace fuska, minti 6 zuwa 7, a tsaya tun ba a kai can ciki ba. In aka wuce minti 9 ko makamancin haka, dole a rage ƙarfi ko a rage bes. Shi ya sa kundin waƙoƙin drum and bass yakan fito a fayafai uku, huɗu ko biyar, abin da na wani kiɗan zai shige cikin faifai ɗaya. Masu saye sun san darajar hannun injiniya. A santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, inda ake karce lambar faifai da hannu, sukan duba sunan ɗakin yanka irin The Exchange ko Metropolis, ko sa hannun mutum kamar Stuart Hawkes, kafin su zaro kuɗi.

Sai batun dabfilet, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Faifai ne guda ɗaya tak, farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai taushi, ana yanka waƙa a kansa kai tsaye. Yawanci inci 10 ne, ya fi faifan kasuwa nauyi a hannu, kuma yana da wani ƙamshi mai kama da na fentin farce. Daga Jamaika al'adar ta zo, inda masu lasifika ke gasa da waƙoƙin da babu mai su sai su. A Landan, ɗakin yanka na Music House, wanda a lokacin yake yankin Holloway, ya zama matattara. Mai kiɗa ya gama waƙa, ya zuba ta a kaset ɗin dijital da ake kira DAT, ya miƙa wa DJ biyu ko uku da ya yarda da su, su kuma su je su bi layi a yanka musu. A wannan layin ake jin abin da kowa ke dafawa, a nan ake ƙulla zumunci da musayar kaset.

Dabfilet ba ya daɗewa. Fentin yana da taushi, kowane wucewar allura yana goge shi, saman sauti ne ke fara dushewa, kuma bayan an kaɗa shi kamar sau 50 ƙara da shashshaka sun fara rinjaye. In ana yawan ja da baya a wuri ɗaya, ko haka ba zai kai ba. Amma wannan rauni shi ya gina tsarin kasuwar gaba ɗaya. A shekarun 1990, waƙa takan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana yawo a jakunkunan mutane ƙalilan. Wanda yake son jin ta sai ya je inda suke kiɗa, irin daren Lahadi na Metalheadz a Blue Note da ke Hoxton, ko ya kama gidan rediyo mara lasisi kamar Kool FM da ya fara a 1991. In jama'a suka yi ihu, mai riƙe da makirfo ya nemi a maido, DJ ya dafe faifan ya murza shi baya da ƙarar nan mai kama da yagewar ƙyalle, a sake daga farko. Mai kiɗan yana gefe yana kallo. In bes bai kama ba, ya koma ya gyara, a sake yankawa. Kafin waƙa ta kai ga faifan gwaji mai farar takarda, sannan ta isa shago irin Black Market da ke Soho, an riga an tace ta a gaban ɗaruruwan masu rawa. Kamfanoni irin su Reinforced, Moving Shadow, RAM, V Recordings da Metalheadz duk a kan wannan turbar suka yi suna.

Faifan kasuwa kuwa hanyarsa daban. Ana yanka uwar faifai, wato faifan asali da za a kwafi sauran daga gare shi, a fesa mata azurfa, a tsoma ta a ruwan nikel da lantarki har a samu hatimin ƙarfe, sannan a matse curin robar PVC mai zafi tsakanin hatimai biyu. Yawanci giram 140 ne. Mai giram 180 ya fi jure lanƙwasa, amma zurfin tsagi ɗaya ne, tunda a wurin yanka aka ƙayyade shi.

A gaban DJ, injin da ya zama ma'auni shi ne Technics SL-1200, musamman samfurin MK2 na 1979, wanda motarsa ke juya farantin kai tsaye babu bel. Ma'aunin gudunsa yana ƙarawa ko ragewa da kashi 8 cikin 100, don haka waƙa mai bugu 174 za ta iya sauka zuwa 160 ko ta hau 188. Babu allon da ke nuna lamba, kunne ne alƙali. A wannan gudun, kuskure ba ya ɓuya. In fayafai biyu suka saɓa da rabin bugu kacal a minti, cikin daƙiƙa 10 tazarar ta kai kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa, kuma kunne ya fara jin gangunan suna sassarfa kamar kofaton doki. Gyaran da yatsa ake yi: a ɗan shafi gefen faranti don rage gudu, ko a ɗan murza ƙusar tsakiya don ƙarawa, sannan a gyara ma'aunin kaɗan don kada a dawwama ana bi. Mai koyo yakan tura faifan da ƙarfi, sai muryar waƙar ta yi lilo kowa ya ji. A tuna kuma, a garmaho gudu da murya a ɗaure suke. Ƙarin kashi 6 cikin 100 yana ɗaga muryar waƙa da kusan rabin mataki, don haka waƙoƙi biyu da suka dace a takarda za su iya karo da juna in an ja ɗaya da nisa.

Doguwar shimfiɗar da baƙon kunne ke ƙosawa da ita, don wannan aikin aka yi ta. Gaɓa 32 daƙiƙa 44 ce, gaɓa 64 kuma minti ɗaya da rabi ba kaɗan. Lokacin da DJ ke buƙata ke nan ya saki faifai a kan bugun farko, ya daidaita, ya shigo da shi a hankali. Tunda waƙoƙin a ƙidaye suke 16, 32, 64, wanda ya iya lissafi zai saki na biyu a daidai inda bes ɗinsa zai faɗo tare da faɗowa ta biyu ta na farko. DJ Andy C ya yi fice a wannan salo, har da injina uku. Sharaɗin shi ne a rufe bes ɗin ɗaya a miksa, domin bes biyu a lokaci guda ko dai su soke juna ko su cika amfilifaya har sautin ya dagule.

Yawancin tsallen allura daga saiti yake. Ana fara daidaita hannun allura har ya tsaya a iska bai sama bai ƙasa, a mayar da lambar nauyin baya zuwa sifili, sannan a murza zuwa abin da kamfanin allurar ya faɗa. Allurar Shure M44-7 tana son giram 1.5 zuwa 3, yawancin Ortofon Concorde kuma wajen giram 3 zuwa 4. Nauyi da ya yi kaɗan ya fi ɓarna fiye da yadda ake zato, domin allura tana karkarwa tana dukan bangon tsagi. Ɗora kwabo a kan allura kuwa yana danne 'yar robar da ke riƙe da ita, yana kuma cin faifai. In ana jin wani “hmmm” mara yankewa, siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaure ta a ƙusar miksa ba. In kuma ƙugi ne ke tasowa yana ƙaruwa duk lokacin da aka ɗaga sauti, girgizar lasifika ce ke bi ta dandamali da tebur ta koma cikin allura, allura ta sake aika ta lasifika. A kiɗan da ƙarfinsa ke wajen girgiza 50, wannan babbar matsala ce. Maganinta nauyi da taushi: falon kankare a ƙarƙashin injin, roba ko soso mai tauri a ƙarƙashin kankaren, tebur kuma nesa da akwatunan bes.

To, shin faifai ya fi daɗin ji? In ma'auni za a bi, a'a. Tazara tsakanin shiru da ƙara a CD ta kai desibel 96, faifai mai kyau da wuya ya wuce 70, ga shashshaka, ga dushewa wajen tsakiya. Yawancin waɗannan waƙoƙi ma a na'urar dijital aka haɗa su, daga DAT aka yanka. Amma masoyan ba mafarki suke ba. Abin da suke ji shi ne aikin injiniyan da iyaka ta tilasta masa ya zaɓa: bes a dunƙule, kaifin sama an lallashe shi, ganga kuma an bar mata wurin numfashi, tunda matse waƙa har ta zama bango ɗaya na ƙara ba ya haifar da faifai mai kyau. Ga kuma dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Ɗimbin waƙoƙin 1992 zuwa 1997 an buga su 'yan ɗaruruwa ne, kamfanonin sun watse, kaset ɗin asali sun ɓata ko sun lalace. Faifan da ke hannun wani shi ne kaɗai shaidar cewa an taɓa yin waƙar. A nan maganar Hausawa ta zauna daram, da tsohuwar zuma ake magani.

Zamani ya juya, ba shakka. Injin kaɗa CD na DJ, Pioneer CDJ-1000, ya fito a 2001, manhajar kaɗa waƙoƙi daga kwamfuta ta Serato ta biyo a 2004, kuma jakar faifai 80 mai nauyin kilo 16 ko fiye ta kasa gasa da abin da ke shiga aljihu. An daina ƙera SL-1200 a 2010, aka dawo da shi a 2016. Shure ta bar yin allurai a 2018. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya, aka bar kamfanin MDC na Japan kusan shi kaɗai yana samar da faranta masu fentin da ake yanka uwar faifai. Yau yawancin manyan DJ na wannan kiɗa da dijital suke aiki. Faifan ya koma hannun ƙananan kamfanoni masu buga 300 ko 500, da sabbin matasan jungle irin Tim Reaper da kamfaninsa Future Retro London, waɗanda suka dawo da yankan Amen da sautin tsofaffin na'urori.

Mai sayen tsohon faifai, a shafin intanet na cinikin fayafai Discogs ko a shago, ya sani cewa waɗannan kayan aiki ne da suka sha gidan rawa. Darajar VG+, wato alamar da mai sayarwa ke ba faifan da bai ji jiki sosai ba, a takarda ba ta isa ba, sai an tambayi halin daƙiƙun farko. A nan DJ ke kai da komo da faifai yana neman bugun farko, kuma wurin yakan ƙone ya riƙa “shhh” ko da sauran fuskar tana ƙyalli. Wanki ba ya gyara wannan, domin robar ce ta goge. A ɗora faifan a faranti a dube shi ta gefe yana juyawa: ɗan lilo a hankali allura za ta bi, amma tudu mai kaifi a baki zai jefar da ita daidai kan shimfiɗa. Ga wanda zai ajiye su a ƙasa mai zafi irin Kano ko Yamai, a tsaye ake jera su, ba a kwance ba, kada a matse, nesa da taga da jikin bangon da rana ke duka, kuma awa ɗaya a cikin mota a rufe ta isa ta lanƙwasa faifai. Lokacin hunturu busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jan ƙura, ƙurar kuma tana zama kamar yashi tsakanin allura da tsagi. A share da buroshi mai laushi kafin kowane kaɗawa, a wanke da tataccen ruwa da ƙyalle mara gashi ana bin zagayen tsagi, a bar shi ya bushe sarai kafin ya koma riga. Dabfilet kuwa kada barasa ko wani sinadarin wanki ya kusance shi, domin zai narkar da fentin tare da waƙar da ke kansa.